Ranar da Sallau Bai Juya Ba

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, mun ba ta wuri.

Hashimu ya durƙusa a bakin ƙofar direba, kansa a ƙarƙashin sitiyari, yana laluben ramin da ake soka waya, sai numfashinsa ya sarƙe. Ya dafa kujera ya tsaya haka nan. Maƙwabcinsa Sallau, wanda yake tsaye a bayansa riƙe da makullin motar, ya ga riga ta manne masa a baya da gumi, alhali ko aikin ba a fara ba.

"Matsa in soka maka," in ji Sallau.

"Kai, Baba Sallau? Kai da in an kira ka sai ka kara salula a kunne a kife?"

"Sau ɗaya na taɓa yin haka."

"Sau ɗayan ma ni na kira, ina ta magana da tafin hannunka."

Hashimu ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da tarin ya lafa ya soka wayar, ya kama ƙofa ya miƙe sannu a hankali, kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Sallau ya dubi ƙafafun Hashimu. Sun kumbura har igiyar silifa ta nutse a cikin nama. Ya kau da kai ya dubi itacen dogon yaro na ƙofar gida.

To, bari ku san mutanen nan biyu, don ku gane abin da ya faru.

Hashimu ɗan Matameye ne, nan aka binne cibiyarsa. Tun yana saurayi ya bi 'yan uwansa cin rani Kano. Kowa ya dawo da ruwan farko, shi ya zauna a gareji. Ya koyi aikin wutar mota, daga nan ya koyi abin da ya fi wannan wuya, aikin ƙwaƙwalwar mota. Can ya yi aure, can matar ta rasu, can ya aurar da 'yarsa tilo, Najaha. Da furfura ta fara fito masa ya tattara kayan aikinsa ya dawo gidan ubansa shi kaɗai. A Kano ɗan Nijar suke ce masa. Da ya dawo gida sai aka koma ce masa ɗan Kano. Ana gaishe shi, ana kawo masa mota, amma babu majalisar da ake ajiye masa wuri.

Shi kuwa Sallau tsohon direban babbar mota ne. Babu hanyar da bai taka ba, daga Agadas har bakin ruwa. Da ƙarfi ya ragu masu motoci suka koma neman yara. Matarsa Balki ta riga shi, 'ya'yansa maza suka tafi cin ranin da ba a dawowa, sai dai murya a waya ranar salla. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Hashimu, ita ma ta zaizaye daga sama.

Abin da ya haɗa su kuwa motocin zamanin nan ne, ƙanana masu turbo, waɗanda ake sayowa na hannu daga ƙasashen sanyi. Kowace tana da wani ɗan akwati na ƙarfe, bai fi tafin hannu biyu ba, shi ne ƙwaƙwalwar. Shi yake cewa ga yawan man da za a ba inji, ga lokacin da buji zai ba da wuta, ga yawan iskar da turbo zai danna. Can ƙasarsu an koya wa akwatin nan zama da mai mai kyau da iska mai sanyi. Sai ga shi a Matameye, ana ɗura masa man kwalba na bakin hanya, rana kuma tana dukansa. Sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa daga ciki, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu, mota ta yi sanyin jiki. In aka bar ta haka, wata rana fistin ya narke.

Hashimu sai ya soka 'yar na'urarsa da ake kira balis, ya haɗa da kwamfuta, ya karanta ƙorafin motar. Ya kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ya adana, sannan ya shiga gyara: ya rage wa turbo iska, ya jinkirta wutar buji kaɗan, ya ƙara ɗan mai inda zafi ya fi. Samari kan zo su ce ya ƙara wa motarsu gudu. Sai ya ce musu, "Ni ba gudu nake koya wa mota ba, haƙuri nake koya mata. Mai son gudu ga hanyar Kano can."

Amma aikin nan ba ya ƙarewa a tsaye. Dole a hau kwalta a gwada, da rana tsaka kuwa, lokacin da zafi ya fi, don a nan inji yake nuna halinsa. Mutum ɗaya kuma ba ya tuƙi ya duba kwamfuta. Shi ya sa wata rana Hashimu ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Baba Sallau, ƙafarka tana nan da saura?" Tun daga ranar Sallau ya koma bakin sitiyari.

Ga yadda suke yi. Hashimu ba ya yarda da kwamfuta ita kaɗai. Yana da wani ɗan bututun jan ƙarfe da yake ɗaurewa a jikin inji, daga shi tiyo ya biyo ta taga ya rabu biyu, ya toshe kunnuwansa da su kamar likita. Ya ɗora kwamfuta a cinya, ya danna ta ta fara ɗaukar lissafinta, ya jingina ya rufe ido. Daga nan babu magana. Da hannu yake yin komai. In ya danna tafinsa ƙasa, a taka totur har ƙasa. In ya dunƙule, a saki. In ya murza yatsa a sama, a juya gida. Ko tari Sallau ya yi sai an harare shi. Duk hanyar Kance an san su: tsoho a sitiyari, ga wani a gefe ido rufe da tiyo a kunne.

Sallau mutum ne mai magana fal cikinsa, amma sai Allah ya haɗa shi da aikin shiru. Duk da haka bai taɓa ƙorafi ba. Shirun mutum biyu daban yake da shirun mutum ɗaya, kowa ya zauna shi kaɗai a gida ya san wannan.

Tun farkon bazarar nan Najaha ta fara kiransa a waya.

"Baba Sallau, na ji muryar babana ba daidai ba. Yana yanke magana yana hutawa."

"Zafi ne, 'yata. Kowa haka yake."

"Ba zafi ba ne. Ya je likita nan garin, sun ce zuciya ce, sun ce ya wuce Damagaram a duba shi da na'ura. Ya ƙi. Ni kuma ga goyo, ba a bar ni in taso ba. Kai kaɗai yake jin maganarka. Don girman Allah ka kai shi. In an duba shi ni zan sa a ɗauko min shi nan, ya zauna wurina."

"To, in sha Allahu."

Sallau ya yi masa maganar sau ɗaya, suna wanke hannu da omo bayan aiki. Hashimu ya ce, "In na shiga asibitin nan ba Matameye za a maido ni ba. Gidan suruki za a kai ni, a ba ni tabarma a zaure, yara suna tsallake ni. Bar maganar nan." Sallau kuwa ya bar ta da sauri, saurin da shi kansa sai da ya ba shi kunya. Najaha ta sake kira, ya ce ana shiri. Ta sake kira, ya ce akwai motar da ba a gama ba. Ya sani sarai ba don Hashimu kaɗai yake jan ƙafa ba. In aka tafi da shi Kano, wa ya rage a bayan katanga?

Amma da safiyar ranar da nake ba ku labari, da ya ga mutumin ya kasa ɗagowa daga ƙarƙashin sitiyari, sai ya yanke shawara a ransa. Motar ta wani ɗan kasuwa ce, Alhaji Cha'ibu, tankinta cike. Hanyar gwaji kuma ita ce hanyar Damagaram. Yau ko an murza yatsa ba zai juya ba. Ya shiga gida ya sa rigarsa mai kyau da sabuwar hula, ya zura katinsa na ɗan ƙasa a aljihu, ya fito.

Hashimu ya dube shi sama da ƙasa. "Zance za ka?"

"Waccan rigar na wanke."

"Hular ma ka wanke ke nan."

"Shiga mu tafi, Malam Hashimu, rana tana yi."

Hashimu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya koma ya ja ƙofar gidansa ya sa kwaɗo, abin da ba ya yi in gwaji kawai za su. Ya zagayo ya zauna, ya ɗora kwamfutar a cinya.

"Na sauke mata iska da safe," in ji shi. "Giya ta uku, daga ƙasa. Kada ka tausaya mata, kuɗin Alhaji ne ba naka ba."

Ya toshe kunnuwansa ya rufe ido.

Suka ratsa gari. Suka wuce masu rake a bakin tasha, suka wuce amalanken shanu ɗauke da jarkokin ruwa, suka fita fili. Gonaki duk an share su ana jiran ruwa, ƙasa fara fat, sai itatuwan gawo nan da can, su kaɗai ke da ganye. Kwalta tana walƙiya daga nesa kamar an zuba mata ruwa.

Tafin Hashimu ya danna ƙasa. Sallau ya taka. Motar ta ɗan yi jim, sannan turbo ya kama da 'yar ƙararsa mai kama da fito, kujera ta turo bayansu. Allura ta hau, ta hau. Hannu ya dunƙule, Sallau ya saki. Hashimu ya buɗe ido ya dubi layukan da ke rawa a fuskar kwamfuta, ya gyaɗa kai kaɗan, ya sake rufewa. Suka sake yi. Suka kuma sakewa. A na ƙarshen Sallau ya lura hannun bai dunƙule sosai ba, yatsun kawai suka lanƙwashe.

Kafin a shiga Kance akwai wani babban gawo a gefen dama, inda bakin hanya ya yi faɗi. Nan suke juyawa kullum. Sallau ya hango shi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana tsara abin da zai faɗa in an fara faɗa. Zai ce Najaha ce ta sa shi. Zai ce in ya so ya daina gaishe shi har abada.

Hashimu ya buɗe ido. Ya dubi gawon yana matsowa, ya bi shi da kallo har ya zo daidai taga, har ya wuce. Hannunsa ya tashi daga kan kwamfuta. Sallau ya jira yatsa ya murza. Sai hannun ya wuce sama, ya kama tiyon kunnen hagu, na wajen direba, ya zare shi ya bar shi yana lilo a ƙirji. Ya mai da kansa jikin kujera ya lumshe ido.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Sallau. Ashe Hashimu ya gane tun daga gida. Ashe ya yarda. Kuma ga kunne an buɗe masa, abin da ba a taɓa yi ba a cikin mota.

Ya yi gyaran murya. Ba a harare shi ba.

"To, Malam Hashimu," in ji shi, "Allah ya yi maka albarka. Na ɗauka sai mun yi dambe."

Suka shiga Kance. Isufu mai sayar da man kwalba, wanda ya saba ganinsu suna juyawa daga nesa, ya ɗaga hannu zai yi kira. Da ya ga idon Hashimu a rufe sai ya sa yatsa a leɓe yana murmushi, ya yi musu alamar a sauka lafiya. Sallau ya ɗaga masa hannu. Suka wuce kasuwa, suka wuce ɗakin likita na garin, suka sake fita daji.

Daga nan fa bakin Sallau ya buɗe, kamar an cire toshiyar randa.

Ya fara da ƙananan abubuwa. Ya ce ranar nan da aka gwada motar malamin makaranta, da Hashimu ya tambaye shi ko ya ji ƙwanƙwasar, ya ce ya ji, to ƙarya ya yi, bai ji komai ba. "Ni duk shekarun nan ban taɓa jin tsakuwar nan taka ba. Gyaɗa kai kawai nake yi don kada ka nemi wani direba." Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ba da labarin wata shekara da motarsa ta mutu a hanyar Agadas, ya kwana yana hira da yaron mota har labari ya ƙare musu suka koma ƙirga sunayen garuruwa. Ya ce a lokacin gani yake babu abin da ya kai wannan kaɗaici, ashe bai san komai ba.

Ya wuce wata babbar mota mai ɗauke da albasa, sannan ya ci gaba da murya ƙasa ƙasa.

"Ka san Balki ba ta da shiru. In tana tankaɗe tana magana, in tana shara tana magana, da kaji ma magana take. Ina ce mata ta bar ni in huta. To, ta bar ni. Bayan rasuwarta sai in wuni ban buɗe baki ba in ba salla ba. Wata rana na je sayen goro, na buɗe baki murya ta ƙi fita, sai da na yi kaki. Ka ga yaran nan, ban ga laifinsu ba, nema suke. Amma waya ba ta zama da mutum."

Ya ɗan saci kallon gefensa. Kan Hashimu ya karkato wajensa, bakinsa a ɗan buɗe, hannu a kan kwamfuta. Haka yake yi in yana saurare da kyau. Sallau ya mai da ido kan hanya.

"Akwai abin da zan gaya maka, kada ka amsa. Yarinyar nan tun farkon zafi take roƙona. Da na so, da tuni na sa ka a mota ko da igiya ne. Ban so ba. Da asuba tarinka nake ji ta katanga in san gari ya waye. In na ji ka ja guga a rijiya sai in ce to, akwai mutum. Na ce in aka kai ka Kano shi ke nan, sai ni da ƙadangaru. Ka ga son kai ko? Tsoho da ni. Ka yafe min wannan."

Ba a amsa ba, shi ma ya ce kada a amsa. Ya share fuska da hannun riga.

"Amma yanzu na haƙura. In sun duba ka, Najaha ta ce Kano, ka bi ta. Zauren suruki ma zaure ne. Ni zan riƙa share maka ƙofar gida. In ka kira kuma zan riƙe wayar daidai."

Ya ji jikinsa ya yi sauƙi, kamar wanda ya sauke buhu. Har ya fara lissafin inda za su tsaya su yi azahar, da abin da zai gaya wa Alhaji Cha'ibu in ya ji motarsa ta kai Damagaram gwaji.

A shigar Takieta, inda hanyarsu take haɗuwa da babbar hanya, akwai tudun da aka yi a kwalta don rage gudu. Hira ta ɗauke masa hankali, bai gan shi da wuri ba, ya taka birki da ɗan ƙarfi. Kwamfutar ta zame daga cinyar Hashimu ta faɗi a ƙafafunsa. Hannun da ke kanta ya bi ta ya sauka a gefen kujera.

Hashimu, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kan kwamfutar nan, bai motsa ba.

Sallau ya gangara gefen hanya ya tsaya. Bai kashe inji ba.

"Malam Hashimu."

Ya taɓa kafaɗarsa.

"Hashimu. Mun zo Takieta."

Ya kama hannun. Ya sa tafinsa a ƙirji, a ƙarƙashin tiyon da ke lilo, ya daɗe. Abin da yake ji kawai rawar inji ce tana biyowa ta kujera. Ya kashe motar ya sake sa hannu. Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci.

Masu shayi na bakin hanya suka lura da tsoho zaune a mota bai fito ba. Wani ya leƙo, ya koma da gudu ya kira ma'aikacin likita da ke kusa. Mutumin ya zo ya duba wuya, ya buɗe ido ya haska, ya girgiza kai.

"Sai haƙuri, Baba. Ɗan uwanka ne?"

"Maƙwabcina ne," in ji Sallau. "Tun yaushe, ɗana? Yanzu ne, ko tun baya?"

"Allah ne masani. Jikinsa da ɗumi, amma a zafin nan komai da ɗumi. Ba ka ji ya yi wani motsi ba?"

"Aiki yake yi," in ji Sallau. "Haka yake aikinsa."

Ma'aikacin ya dubi tiyon da ke kunnen dama, ya dubi wayoyi, bai gane ba, bai kuma tambaya ba.

Aka taimaka masa aka kwantar da kujera. Sallau ya zare ɗaya tiyon da hannunsa, ya shafa idanun duk da a rufe suke, ya tuɓe rigarsa mai kyau ya lulluɓe shi. Wayar balis kuwa bai taɓa ta ba. Ya sha jin Hashimu yana cewa in aka zare waya ana tsakiyar aiki ƙwaƙwalwa tana iya mutuwa, shi kuma bai san ko an gama ko ba a gama ba. Ya ɗauki kwamfutar ya ajiye ta a tsakaninsu da wayarta a jiki.

Sannan ya koma inuwar wata rumfa ya kira Najaha.

"Baba Sallau, ina wuni? Lafiya dai?"

"Mun kamo hanya, 'yata. Muna Takieta."

"Alhamdu lillahi. Kai, Allah ya saka maka da alheri. Ba ni shi in ji muryarsa."

Sallau ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya ji kukan jariri a can ɓangaren, da ƙarar tabarya a wani gida. Shirun ya yi tsawo har ta gane. Ta yi salati, ta yi kuka, ya bar ta ta yi. Da ta samu numfashi ta ce, "Shi ya yarda ku tafi? Ba tilasta shi ka yi ba?"

"Bai ce in juya ba."

"Ya ce wani abu? Ya ambace ni?"

Ƙarya ta zo masa har leɓe, mai daɗi, wadda ba za ta cuci kowa ba. Ya mai da ita.

"Bai yi magana ba, 'yata. Ni ne na yi ta magana."

Hanyar Damagaram tana nan a damansa, motoci suna ta wucewa. Ya shiga, ya tada inji, ya juya. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami. A Kance Isufu ya sake ɗaga hannu, ya ga riga a lulluɓe, hannun ya tsaya a sama. Duk tsawon hanyar nan Sallau yana duban gefen titi, yana tambayar kansa: nan ne? A wajen motar albasa ne? Kafin maganar Balki, ko bayanta? Ya kai ga neman gafarar, ko iska ya roƙa? Da ya tsaya a ɗakin likitan Kance fa? Babu wurin da ya ba shi amsa. Gonaki ne kawai, da zafi.

Kafin la'asar sakaliya aka yi masa sutura. Mutane sun taru fiye da yadda ake zato, har da direbobin Dawce da na Kurni da labari ya iske a tasha. A wurin zaman makoki kowa yana cewa ai mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa. Sallau yana gefe yana karɓar gaisuwa, don babu wani namiji na jini a kusa da za a yi wa.

To, ga inda kowa ya tsaya. Najaha ta iso washegari da goyonta, ta yi kwanakin zaman makoki, ta tattara kwamfuta da balis ta koma Kano, aka sayar wa wani abokin aikin uban. Alhaji Cha'ibu ya sa an zare wayar, ba abin da ya sami ƙwaƙwalwar. Motar tana nan tana yawo. Yana ƙorafi wai ba ta da zafin nama kamar da, amma ba ta sake ƙwanƙwasa ba. Gidan Hashimu wani ɗan uwansu na nesa ya zuba buhunan gero a ciki ya rufe. Sallau bai sake riƙe sitiyari ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faɗa a hanya ba, sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ita ma sai da aka shekara.

Har yanzu akan sami baƙo daga nesa wanda bai ji labari ba, ya tsaya da mota a ƙofar gidan yana tambayar mai gyaran ƙwaƙwalwa. Sallau yakan taso daga tabarmarsa ya gaya masa. In baƙon ya yi ta'aziyya zai tafi, sai ya ce, "Ɗan buɗe murfin in gani." A buɗe masa. Ya tsaya a gaban injin yana aiki, hannuwa a baya, ya daɗe. In an tambaye shi me ya gani, sai ya ce a kai ta Damagaram. Ya rufe murfin da tafinsa, ya tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana.